Idon da Na Baro a Ɗakin Leza

Jakata ta ɓace tun kafin in kwana ɗaya a ƙasar. Daga filin jirgin sama na hau jirgin ƙasa zuwa garin da jami'ar take, tafiyar awa huɗu, da canji ɗaya a hanya. A tashar canjin ne wani dattijo tsaf-tsaf, da hular gashi da jarida a hammata, ya ga ina fama da jakunkuna biyu a kan matakala. Ya yi murmushi, ya karɓi babbar, ya yi mini alama in wuce gaba. Na ce a raina, ashe ko'ina akwai 'yan albarka. Da na kai sama na waiwaya, babu shi babu dalilinsa. A cikin jakar akwai rigar sanyin da na saya a gwanjo, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da matata Rabi ta haɗa mini, da bandar kifin Tiga da surukina ya aiko. Fasfo da takardu suna ƙaramar jakar, da ba don haka ba da tafiyar ta ƙare a nan.

Sunana Sabi'u, mutumin Badafi ne ni a ƙasar Kiru, autan gidanmu. Na fara koyar da fiziks a wata sakandare a Bebeji, daga baya Allah ya sa na samu aiki a jami'a, aka ba ni darasin ilimin haske: madubi, gilashin ƙara girma, yadda haske ke lanƙwasa a ruwa, da kuma leza. Shekara shida ina zana leza da alli a allo, ban taɓa ganin ta gaske ba, sai 'yar jar nan ta jikin makulli da yara ke tsokanar kyanwa da ita. Don haka da aka ba ni gurbin digiri na uku a wata ƙasa a gabashin Turai, ban tsaya bincike ba. Ba zan faɗi sunan ƙasar ko na jami'ar ba, domin akwai wadda ta yi mini alheri a can, ba na so maganata ta shafe ta.

Ɗakin gwajin yana ƙarƙashin ƙasa, babu taga. Mutum uku ne suka shafe ni a wurin. Akwai Farfesa, mai ɗakin, wanda sai a yi wata ba a gan shi ba. Akwai mataimakinsa Dakta Marek, saurayi mai sauri, wanda komai a hannunsa yake. Sai Madam Ilka, dattijuwa mai gyaran injuna da yankan gilashi, wadda ta fi kowa daɗewa a ginin.

Ranar da na fara zuwa, da kaftani da 'yar suwaita na shiga, haƙorana na haɗuwa. Madam Ilka ta dube ni daga sama har ƙasa. Washegari ta ajiye wata ƙatuwar riga baƙa a kan kujerata.

"Ta mijina ce," in ji ta da gurguwar Turancinta. "Ya mutu. Ba ya jin sanyi yanzu. Kai kana ji."

Rigar nan ita ta raka ni shekara huɗu.

Takardar da aka aiko mini ta ce mai bincike ne ni. Abin da na tarar shi ne wanki. Wata takwas ina wanke 'yan guntayen gilashi, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, in tsoma a wannan ruwan magani, in tsoma a wancan, in busar, in jera. In na tambayi Dakta Marek yaushe zan taɓa lezar, sai ya ce, "Sabi, a ƙasarku kuna da irin wannan injin?" In ce babu. Ya ce, "To ka gani."

Ba aikin ne ya fi ci mini rai ba, shirun ne. Mu da mutum zai tsaya a bakin hanya ya tambaye ka gida da iyali da gajiya da ruwa, har ka manta inda za ka, sai ga ni a inda gaisuwa ɗaga gira ce. A mota, kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika, wani lokaci ma mutum ya gwammace ya tsaya. Sallar azahar da la'asar a sito nake yi, tsakanin tukwanen gas, a kan kwali. Da hunturu kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Dankali da kabeji na ci har na tsani ganinsu. Rabi takan kai wa mahaifiyata, Inna, waya ta yi mini saƙon murya, kullum tambayarta ɗaya: "Auta, can ana ruwa kuwa? Me suke nomawa?" Sai in saurara sau biyar, ba don maganar ba, don carar zakara da ƙarar turmi da nake jiyowa a bayanta.

A shekara ta biyu aka bar ni na fara aikin da ya kawo ni. Bari in faɗe shi a sauƙaƙe. Akwai wani irin sinadari da ke riƙe alƙiblar wutar lantarki: in ka tura shi wani ɓangare da wuta, zai tsaya a haka ko bayan ka ɗauke wutar, har sai ka juya shi. Irinsa ake so don ajiyar bayanai a na'urori. Mu aikinmu shi ne mu sa dunƙulensa a cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, mu harbe shi da leza ta wata 'yar taga, ya tashi kamar hayaƙi, ya sauka a kan gilashin nan da na wanke, ya yi shimfiɗa siririya wadda ta fi yanar saman kunu sirantaka nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce shimfiɗar takan gaji: in aka yi ta juya ta, sai ta daina riƙewa.

Ni mutum ne mai nawa, kowa ya sani. Dakta Marek yana kashe wutar tukunya ya ciro abinsa. Ni kuwa sai in bar shi ya huce a hankali, in riƙa rage zafin kaɗan-kaɗan, kamar yadda maginan tukwane ba sa janye tukunya daga wuta da gaggawa. Sai ga shi shimfiɗuna sun fi nasa juriya, ba kaɗan ba. Ranar da awon ya tabbata na shiga sito na yi sujadar godiya. Bayan wata biyu Dakta Marek ya tafi wani taro ya gabatar da sakamakon. Na ga hoton takardar da ya rataya a can: sunana yana ƙasa da ƙananan haruffa, cikin waɗanda aka gode wa saboda shirya gilashi. Na haɗiye. Na ce wanda ya zo neman wuta ba ya faɗa da mai murhu.

Ana haka tsohuwar lezarmu ta mutu. Dakta Marek ya aro wata daga wani sashe, wadda ba irinta ba. Ita wannan, bayan hasken da muke aiki da shi, tana fitar da wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani ko kaɗan. Kowace leza da irin tabarau ɗin kariyarta. Na ɗauki namu na karanta rubutun gefensa, na je na samu Dakta Marek.

"Dakta, waɗannan tabarau na tsohuwar leza ne. Ba sa tare hasken wannan."

Bai ɗago daga kwamfuta ba. "An yi odar sababbi. Wancan hasken na toshe shi da kaina, ba ya fitowa. Mako uku ya rage mu aika sakamako, Sabi. Ko kana so ka koma wanki?"

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni malamin haske ne. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa ƙwayar ido tana tattara haske ta zuba shi a wuri guda, kamar yadda gilashin ƙara girma ke ƙona takarda a rana. Na sani sarai. Amma na sa tabarau ɗin na shiga.

Ranar wata Talata ce, da misalin goma na safe. Na sunkuya ina daidaita wani madubi kusa da tagar tukunyar. Sai na ji wani abu ya yi ɗas, ba a kunne ba, a cikin kaina. Ban ji zafi sosai ba. Na ga wani ja yana malala a idona na dama, kamar an ɗiga jini a kofin ruwa. Na miƙe na kashe injin, na rufe idon hagu da tafin hannu na dubi agogon bango. Na ga bango, na ga gefen agogon, tsakiyarsa babu. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un da ƙarfi, har Madam Ilka ta jiyo daga ɗakin yanka.

Ita ta kai ni asibiti a tsohuwar motarta, tabarau ɗin har lokacin suna rataye a wuyana. Duk hanya tana magana da yarensu, ban san ko addu'a take yi ko zagi ba. Likitan ya nuna mini hoton bayan idona, ya sa biro a kan wani ɗan baƙin ɗigo.

"Nan ne wurin da kake karatu da gane fuska. Ya ƙone. Jinin zai janye, amma wannan ba zai dawo ba."

Daga baya aka gano abin da Dakta Marek ya toshe hasken da shi ya goce, hasken ya daki gilashin taga ya dawo.

A rana ta uku Farfesa ya zo asibiti da ledar lemo. Ya zauna a bakin gadona, bai taɓa kusantata haka ba. Ya yi mini jaje da murya mai taushi, ya ce aikina ne mafi kyau da aka yi a ɗakin cikin shekaru. Sannan ya zaro takarda daga aljihu. Rahoton hatsari ne, an riga an buga, saura sa hannu. Na karanta da ido ɗaya. An rubuta cewa na cire tabarau da kaina don in ga madubin da kyau.

Na ce, "Farfesa, ban cire ba."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ci gaba, "Ka saurare ni. In aka rubuta tabarau ne ba su dace ba, hukuma za ta rufe ɗakin, watakila shekara, watakila har abada. Takardar zamanka a ƙasar nan a jikin ɗakin take. Za ka koma gida da rabin aiki. Kuma a rubuce, mai kula da kayan kariya ba Marek ba ne, Ilka ce. Shekara biyu ya rage ta yi ritaya. Ban ce dole ba. Ka yi tunani zuwa Juma'a."

Da Madam Ilka ta zo da yamma da miyar kaza a kwano, na gaya mata. Fuskarta ta yi ja.

"Kada ka sa hannu saboda ni," in ji ta. "Sau biyu na gaya wa Marek tabarau ɗin ba su dace ba. Zan faɗa a gaban kowa. Ni tsohuwa ce, me za su yi mini? Kai ka rasa ido, kada ka ba su gaskiyarka kuma."

Na kira babban wana, Yaya Garba, wanda shi ne a matsayin uba tun rasuwar mahaifinmu. Yana gona lokacin, ina jin iska a wayar. Ya saurare ni har na gama, ya yi salati, sannan ya ce:

"Sabi'u, in ka ƙi sa hannu idon zai dawo?"

"A'a, Yaya."

"To ido ya riga ya tafi. Kada ka dawo mana ba ido ba takarda. Duk garin nan an san karatun dakta ka tafi. Ka sa musu hannu, Allah yana gani. Kuma kada Inna ta ji, jininta ba zai ɗauka ba."

Na kira Rabi. Ta yi kuka har na ji tsoron kada maƙwabta su shigo. Da ta natsu sai ta ce, "Abban Sadiya, ka dawo gida. Ni ba dakta na aura ba. Ka sa hannu a kan ƙarya ka ce kai ka makantar da kanka? Gobe in wani ya shiga ɗakin nan fa?"

Ranar Juma'a na sa hannu. Na daɗe ina gaya wa kaina saboda Madam Ilka na yi, ko saboda bin maganar na gaba. Akwai wannan a ciki. Amma babban dalilin shi ne na hango kaina ina saukowa daga mota a Kwanar Dangora da jaka a hannu, mutane na tambaya ina digirin, sai na kasa. Da na gaya wa Rabi, sai ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Kwana uku ba ta sake kirana ba.

Na koma aiki bayan wata guda. Na tarar da sababbin tabarau a rataye, har guda shida. Tsofaffin kuwa Madam Ilka ta kira ni ɗakin yanka, ta ɗora su a kan maƙera ɗaya bayan ɗaya ta farfasa da guduma a gabana. Ba ta yi mini maganar takardar ba, ko sau ɗaya, amma ta daina kallona ido cikin ido na tsawon lokaci, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ban ƙara iya daidaita leza ba, domin aikin na buƙatar ido biyu. Wasu ke yi mini shimfiɗar, ni in auna in rubuta. In na yi awa ɗaya a gaban kwamfuta kaina sai ya ɗauki sara. Matakala ta zama abin tsoro, domin ba na gane nisan taki. Sau biyu ina faɗuwa a kan ƙanƙara.

Abin da ya fi komai muni ya same ni ne a farkon shekarata ta ƙarshe. An tara sababbin ɗalibai ana yi musu bayanin kiyaye hatsari, dole kowa ya halarta, na zauna a baya. Dakta Marek ne mai bayani. Can sai na ji ya ce, "A ɗakin nan an taɓa samun wani ɗalibi da ya cire tabarau na minti ɗaya. Yau ba ya gani da ido guda. Kada ku zama kamarsa." Bai ambaci suna ba, amma ni kaɗai ne baƙar fata a ginin, kuma kowa ya san labarin. Wata yarinya ta waiwayo ta dube ni da tausayi. Na so in miƙe in yi magana. Sai na tuna ni na ba shi wannan labarin da hannuna.

Na kammala. Ranar kare kundi Farfesa ya yabe ni a gaban baƙi, ya ce ni misali ne na juriya. Takardar binciken ta fito a mujalla da sunan Marek a farko, nawa na uku. Madam Ilka ta raka ni har tasha, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta ce, "Ka koya musu da kyau a can. Ka koya musu su ce a'a."

Da kaka na iso gida, ana yankan dawa. Tun daga bakin gari ake "Dakta ya dawo, sannu da zuwa Dakta!" Ido na nan a fuska kamar lafiyayye, ba wanda zai gane. Na gaisa da maza a zaure, na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta sa mini albarka, ta jawo ƙwaryar fura, ta miƙo mini kofi da jug ta ce in ƙara ruwa in ta yi kauri. Na ɗaga jug ɗin na tsiyaya, ruwan ya zuba a tabarma, gefen kofin.

Inna ta dubi tabarmar, ta dube ni. "Matso nan, Auta."

Na matsa. Ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon dama. "Kana ganina?"

"Ina ganinki, Inna."

Ta mayar da hannun kan na hagu. "Yanzu fa?"

"Ina ganin ɗankwalinki, da kafaɗunki, da bango. Fuskarki ce ba na gani."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun wata shekara ta ji muryata ta sauya a waya, ta tambayi Garba ya ce sanyi ne. Ta ce in gaya mata komai, na gaya mata, har da takardar. Ta saurara, hannunta na kan gwiwata.

"Shi wanda ya ce ka shiga a haka, yana nan?"

"Yana nan, Inna. An ma ƙara masa girma."

"Kuma 'ya'yan mutane suna shiga ɗakin a ƙarƙashinsa?"

"Suna shiga."

Ta jinjina kai. Ta ɗauko tsumma ta fara goge tabarmar. "Idon, mai shi ne ya karɓi abinsa, ba ni da ta cewa. Gaskiyar kuwa kai ka miƙa. Sha furarka."

Bayan mako guda na zauna na rubuta wa jami'ar wasiƙa. Na faɗi abin da ya faru dalla-dalla, na ce rahoton ƙarya ne, na ce a shirye nake su karɓe digirin in hakan ne hukuncin. Rabi ce ta karanta mini ita a bayyane kafin in aika. Madam Ilka ta riga ta yi ritaya, babu abin da zai taɓa ta.

Sai bayan wata huɗu amsa ta zo, layi uku kacal. Sun gode da wasiƙata, sun ce an bincika lamarin a lokacinsa an kuma rufe shi, bisa bayanin da wanda abin ya shafa ya bayar da kansa. A ƙasa suka maƙala hoton rahoton. Na daɗe ina kallon sa hannun da ke jiki. Nawa ne, tsaf, ko rawa bai yi ba, kuma babu wanda ya riƙe mini alƙalami.